Wa Ya Fara Ce Mata Dakta?

Mun daɗe muna ofis ɗaya da ita, teburina yana kallon nata, amma da wuya in tuna ranar da na ga ta yi zaman kirki a kujera. Jakarta ce ke zama a kai. Ita tana tsaye bakin taga da waya a kunne, ko tana kai-komo tsakanin firinta da ƙofa, takarda a hannu, tana karatu bakinta na motsi. Ni mai tsara shafuka ne a wani ɗan kamfanin buga littattafai da ke saman bene, ƙasanmu masu gyaran waya, gefenmu likitan haƙori. Ita kuma aikinta bin diddigi. Kafin littafi ya tafi madaba'a sai ta bi kowane suna da shekara da muƙami da ke ciki, ta tabbatar ba shaci-faɗi ba ne.

Ina-ka-ji ake ce mata, ni kuma ina kiranta Yaya don ta girme ni. Sunan ya samo asali tun tana yarinya. Mahaifinta mai aski ne, ita ke kai masa abincin rana shago, kuma shagon aski kowa ya san ba a rasa labari. Duk wanda ya kawo zance, sai ta ɗaga kai ta ce, "Baba, a ina ka ji?" Manya su yi dariya, wasu su tsuke fuska. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Ina-ka-ji ta ce mini ba rashin kunya ba ne, in ta ji magana ba ta san tushenta ba, ji take kamar tsakuwa ta shiga mata takalmi.

Ta yi koyarwa ta bari, don ba ta iya jiran ƙararrawa. Ta yi aiki a ɗakin ajiyar kaset na wani gidan rediyo har aka rufe sashen, sannan ta zo wurinmu. Mijinta direban motar asibiti ne, mutum mai sanyi, wanda kan ce ya auri mace da fanka a lokaci guda. 'Ya'yansu uku. Autar ta yi zazzaɓi mai tsanani tana ƙarama, ta tashi ba ta ji. Ina-ka-ji ta koyi maganar hannu saboda ita, kuma tana yinta da sauri kamar yadda take komai, har Auta kan riƙe mata hannu ta ce ta rage gudu.

Autar nan ce ta haɗa ta da matar da gari ke kira Dakta. Dakta tana da cibiya inda ake koya wa 'yan mata da masu buƙata ta musamman aikin kwamfuta da rubuta manhaja. Tana yawon taro tana faɗa wa manyan kamfanoni cewa ofisoshinsu maza ne zalla, kuma ba ƙofar da keken guragu zai shiga. Makarantu da yawa sun mayar da Auta, cibiyar Dakta ta karɓe ta. Lokacin da nake ba da labarinsa Auta ta riga ta gama, tana gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet daga ɗakinta.

Saboda haka ranar da Manaja ya ajiye mata rubutun tarihin rayuwar Dakta a tebur, murna ta yi.

"Wannan karon aikin lada zan yi," in ji ta.

"Ki yi shi da sauri dai," Manaja ya ce. "Wata gidauniya ce ta sa a rubuta, kuma a babban taronsu za a ƙaddamar. Kallo ɗaya ya isa, Edita ya riga ya sa duk majiyoyinsa a ƙasan shafi."

Edita shi ne marubucin. Ya taɓa shugabantar wata jarida da ta mutu, sunan ya bi shi. Mutum ne mai daɗin alƙalami, kuma yana sa kwat ko da garin yana tafasa.

Babin farko ya faɗi abu uku. Dakta tana da digirin digirgir daga wata jami'a a ƙasar waje. Ita ce mace ta farko a yankin da ta rubuta wa ofishin gwamnati manhaja. Kuma dubban 'yan mata sun fita daga hannunta. Kowace magana da majiyarta a ƙasa, shafukan intanet da jaridu reras.

Ina-ka-ji ta buga su duka a takarda. Teburi bai isa ba, ta shimfiɗa su a ƙasa daga bakin ƙofa har ƙarƙashin teburina, ta jera su bisa kwanan wata, ta cire takalmi tana bi tsakaninsu. Zuwa la'asar na ga ta daina motsa baki.

"Ɗan'uwa, zo ka gani," ta ce mini. "Wannan jaridar daga wancan shafin ta kwaso. Shafin daga takardar taro ya kwaso. Takardar taron kuma daga jaridar nan ta bara. Har kuskuren harafin da ke sunan jami'ar iri ɗaya ne a duka. Mutum ɗaya ne ya yi magana, saura amsa-amo suke yi."

"To ai sai ki tambayi cibiyar, Yaya."

Ta tambaya. Sakatariyar cibiyar ta ce Dakta na taro. Da ta sake kira, Dakta ta yi tafiya. Da ta je da ƙafarta, aka ce takardun suna gida cikin akwati. Sai ta tura wa jami'ar saƙon imel. Daga nan ba mu ƙara samun sukuni ba. Ko shayi take haɗawa sai ta ajiye cokali ta leƙa kwamfuta. Amsar da ta zo a taƙaice take: ba su da mai wannan suna cikin waɗanda suka ba digiri, amma sunan yana cikin waɗanda suka halarci wani gajeren kwas na lokacin hutu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, so take maganar ta zama gaskiya. Ta sake tura sunan da wani rubutun daban. Ta tura da sunan mahaifi, ta tura da na tsohon miji. Ta nemi wata jami'a mai suna makamancin wannan, ko Edita ne ya rikita. Ko'ina amsa ɗaya. A ƙarshe ta koma baya cikin tsofaffin bidiyon taruka, tana kallo a tsaye, har ta kai ga wani taron ba da kyaututtuka. A takardar gayyatarsa an rubuta Malama. A cikin bidiyon kuwa, mai gabatarwa ya ɗaga murya ya ce, "Ku tafa wa Dakta!" Matar ta ɗan tsaya a matakala, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, tafi ya rufe ta, ta hau. Kafin wannan rana Ina-ka-ji ba ta sami ko wuri ɗaya da aka kira ta Dakta ba. Bayanta kuwa ba ta sami inda aka fasa ba.

Maganar mace ta farko ta kai ta wani gida a bayan tashar mota. Wani tsohon akawu ne ya ce mata tun zamanin da kwamfuta ke cika ɗaki guda, akwai wata da ke rubuta wa hukumar ruwa tsarin lissafi a kan kati mai huji. Ta same ta tana shan iska a baranda, ido ya yi rauni amma baki garau.

"Inna, an ce ke ce ta farko."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Wa ya faɗa miki? Ni ma wata ce ta koya mini, doguwa, mai shan taba a ɓoye. Ta daɗe da rasuwa. Ita ma ban rantse miki ita ta fara ba. 'Yata, lokacin ba wanda ke ƙirga mu. Aiki ne na zama da haƙuri, maza ba sa so, shi ya sa aka bar mana."

Batun dubban ɗalibai kuma, ta gano cibiyar tana lissafawa har da duk wadda ta zo lacca ta yini ɗaya. Waɗanda suka zauna suka gama karatu ba su kai haka ba ko kusa. Amma a nan ne abin ya juya mata, don sai da ta bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Wata tana kula da kwamfutocin wani asibiti. Wata makauniya tana gwada wa kamfanoni manhajojinsu, ta gaya musu inda makaho zai maƙale. Wata mai keken guragu ta ba ta labarin yadda mai ginin cibiyar ya ƙi gyara ƙofa, Dakta ta sayo siminti, ta kira magini, ta tsaya a kansa da kanta har aka yi gangaren da keke zai hau, mai gida yana zage-zage. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta cikin littafin. Edita bai yi magana da su ba.

Da ta kai rahoto ofishin Manaja, ƙofa a buɗe take, duk na ji.

"Malama, ni ɗan jarida ne tun kina makaranta," in ji Edita. "Abin da jaridu da yawa suka buga, ke ce za ki ce ƙarya ne?"

"Ranka ya daɗe, ban ce ka ƙirƙira ba. Na ce ba mu da hujja, kuma jami'ar ta ce babu."

"Wa ya aike ki jami'a?" Manaja ya ce. "Matar nan alheri take yi. Ke da kanki kin ci moriyarta."

"Na sani. Shi ya sa ba na barci."

"To me kike so?"

"A cire digirin, a cire ta farko, a gyara adadin. A ƙara babi a kan 'yan matan. Wallahi littafin zai fi haka daɗi."

Edita ya ɗauki hularsa ya ce shi ba ya rubuta littafi lami. Manaja ya ce in gidauniya ta janye aikin, ita ta jawo.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ta tarar a gida. Labari ya riga ya kai wa Auta ta bakin sakatariya. Washegari Ina-ka-ji ta zo ofis idonta a kumbure, ta kwaikwaya mini yadda suka yi da hannu.

Auta ta ce, "Mama, kowa ya rufe mini ƙofa, ita ta buɗe. Yanzu ke za ki tona mata asiri?"

"Ba tonawa zan yi ba. Ba zan sa hannu a kan abin da babu ba ne."

"Wa ya cutu da kalmar?"

"Har yanzu ba kowa."

"To ki bari."

Ta fara ba ta amsa, sai Auta ta rufe ido. Haka take yi in ta gama da magana. Mai ji in ya toshe kunne ana iya ɗaga masa murya, ita kuwa in ta rufe ido shi ke nan. Uwar ta ce ta tsaya a tsakar ɗaki hannunta a sama, ba mai kallonta. Mijin ya ce mata, "Ki je ki ga matar ido da ido mana, kin ishe mu da safa da marwa."

Ta je ba tare da alƙawari ba. Ta tsaya a baranda har aka tashi daga ajin safe. Ta taga tana hango Dakta, gajeriyar mace mai saurin hannu, ta durƙusa gefen wata yarinya tana nuna mata inda ta manta rufe baka a layin manhaja. Da aka watse Dakta ta shigar da ita ofis, ɗan ƙaramin ɗaki cike da matattun kwamfutoci da ake cire wa kayan gyara.

"Mama, na ji kina nemana har ƙasar waje," in ji Dakta. "Ga ni kusa."

"Na nemi ganinki, aka ce kina taro."

"Ina taro. Kullum ina taro, da shi ake kunna fitilar ajin nan." Ta ja numfashi. "Bari in gaya miki. Kafin ranar da mai gabatarwar taron nan ya yi suɓutar baki, akwai kamfanin da na yi ta zarya ofishinsu, ko ruwa ba a ba ni. A ranar, shugabansu da kansa ya biyo ni har mota yana Dakta, Dakta. Bayan 'yan kwanaki suka aiko da kwamfutoci cike da mota. Ni ce dai, aikin shi ne dai, yaran su ne dai. Kalma ɗaya ce ta canja. A kan ɗaya daga cikin kwamfutocin nan 'yarki ta koyi aiki. Kuma ban taɓa cewa da bakina na yi digirin ba."

"Na yarda. Kin taɓa cewa ba ki yi ba?"

Dakta ta kau da kai, Ina-ka-ji ta ci gaba.

"Ranki ya daɗe, ni ba maƙiyiyarki ba ce, kuma ban sha wata wahala ba kafin in gano. Kina hawa mumbari kina gaya wa manyan kamfanoni laifinsu. Cikinsu akwai wanda ke jiran ranar da zai rama. In ya tura saƙon da na tura, ba ke kaɗai zai kayar ba. Takardar shaidar Auta tana rataye a ɗakinta, a ƙasa an buga Dakta kusa da sa hannunki. Haka ta kowace yarinya. Su da ma ana neman dalilin ƙin ɗaukarsu."

"Kin gama?"

"Saura abu ɗaya. Na yi magana da ɗalibanki. Abin da suka faɗa mini ya fi abin da ke littafin nan nesa ba kusa ba, kuma shi ina iya tabbatar da shi."

Dakta ta miƙe ta buɗe ƙofa. "Ki gaida gida, Mama."

Daga nan aka shiga shiru mai tsawo. Gidauniya ta kira ta ce a dakata. Babban taron ya zo ya wuce ba littafi. Manaja ya daina amsa gaisuwar Ina-ka-ji sosai, ya tura mata littattafan firamare ta duba. Ta bi su kamar mai huce haushi, har ta gano taswirar da aka juya kogi. Ta rame. Ko wayar wani ce ta yi ƙara sai ta zabura. Sau da yawa takan tsaya a kaina ta ce, "Ɗan'uwa, in cibiyar ta rufe fa? In kamfanonin suka janye, yaran da ke ajin yanzu ina za su?" Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, amma ban taɓa jin ta ce hankalinta ya kwanta ba.

Wata safiya sakatariyar cibiyar ta hawo benenmu da rubutun a cikin leda. Dakta ta bi shi da jan biro da hannunta. Ta soke digirin, ta rubuta kwas ɗin hutun a madadinsa. Ta soke ta farko. Adadin ma ta rage, ko da yake ba kamar yadda Ina-ka-ji ta so ba, sai da aka sake kai ruwa rana aka rubuta waɗanda suka gama daban, waɗanda suka halarci lacca daban. Babu gaisuwa, babu bayani. Edita ya yi gunaguni, amma ya je ya zauna da 'yan matan, kuma in faɗi gaskiya babin da ya rubuta a kansu shi ya fi kowane kyau. Ni na tsara shi, na karanta shi ba don aiki ba.

Littafin ya fito a makare, a ƙaramin taro. Ba a gayyaci Ina-ka-ji ba. Dakta ba ta tashi a gaban jama'a ta yi wani jawabi a kan batun ba, ta dai sa an sake buga takardun shaidar cibiyar da sunanta kawai, aka ce tsofaffin ɗalibai su zo su canja. Wani taron ƙasashen waje da ke gayyatarta duk shekara bai ƙara aiko mata ba, kuma ba wanda ya san ko saboda wannan ne. Wani kamfani ya rage taimako, wani sabo ya shigo. Jaridar da ta yi sharhin littafin ta rubuta Dakta tun daga kanun labari. 'Yan matan ma Dakta suke ce mata har gobe, ya zama suna. Ita da Ina-ka-ji sun haɗu sau ɗaya a layin kantin magani, kowace ta ce sannu, kowace ta kalli gabanta.

Tsakanin Ina-ka-ji da Auta kuwa an daɗe ana gaisuwa kawai. Sai da wani kamfanin sufuri ya buɗe gurbin aiki, Auta ta rubuta takardar bayanin kanta, ta zo ta ajiye wa uwar a kan cinya. Ina-ka-ji ta ɗauka. Ta bi layi-layi. Makaranta daidai, shagunan da ta yi wa aiki daidai, ta san su. Sai ta zo inda Auta ta lissafa harsunan manhajar da ta iya, ta sa yatsa a kan na ƙarshe.

"Wannan yaushe kika koya?"

Auta ta jawo kwamfuta, ta buɗe baƙin allo, ta yi ta bugawa. Rubutu ya yi ta gangarowa, can wani ɗan akwati ya fito yana nuna motoci a kan taswira. Ta juyo da allon ta ce, "Ga hujja."

Uwar ta ƙura wa allon ido. Ba ta gane ko harafi ɗaya ba.

"Wannan ba ni da hanyar tabbatarwa," ta ce.

"To ya za ki yi?"

"Zan yarda da ke."

Auta ta yi dariya har ta kwanta a kujera, ta tashi ta kira babanta ya zo ya ji abin da bai taɓa ji ba. An kira ta ganawa, sun gwada ta a kan harshen nan ɗin, suka ɗauke ta.

Ina-ka-ji ta bar kamfaninmu bayan shekara biyu, ba da faɗa ba. Wani shirin lafiya na rediyo ne ya neme ta, tana tantance abin da baƙi za su faɗa kafin a sa su a iska. An kawo wani saurayi a madadinta, mai kirki, yana gama littafi cikin yini biyu, Manaja yana yabonsa. Ni dai in na ga wata shekara ko wani muƙami da bai kwanta mini ba, nakan fita baranda in kira ta. Takan ce in karanto mata jimlar gaba ɗaya, a hankali, sannan in karanto abin da aka sa a ƙasan shafi.